Ragon da Ya Ƙi Ƙiba

Ban taɓa shan wahalar dabba irin ta ragon nan ba. Daga Kambaza na sayo shi, na turke shi a gidana nan Gwandu. 'Yata ta fari tana da tsohon ciki a Kalgo, ni kuwa na riga na cika wa uban mijinta baki cewa ragon suna daga wajena zai fito, mai kitsen da zai ishi unguwa. Ba wanda ya aike ni. Bakina ne.

Dusa, harawa, kanwa, ba abin da ban zuba masa ba. Yana ci kamar fari a gona, amma haƙarƙari a waje. Na ce bakin mutane ne. Matata ta ce tsutsa ce.

Da na gaji na ɗauko malamin dabbobi. Yana cikin duba shi, matata ta tayar da injin markaɗenta, wanda ke nan gefen turken. Rago ya zabura, igiya ta shaƙe shi, jikinsa na ɓari.

Malamin ya tambaya ko kullum haka ake. Na ce safe da yamma. Sai ya zaunar da ni. Wai kitse a 'yan ƙananan rumbuna yake cikin jiki. In dabba ta ci ta kwanta, wani sinadari kan bi jini ya ce a rufe rumbu. In ta tsorata, wani sinadarin daga saman ƙoda ya zo ya buga ƙofar rumbun. Shi ba ya shiga, na ciki ke miƙa saƙo hannu zuwa hannu har a tayar da mai fasa kitsen, a narkar da shi don dabba ta sami ƙarfin gudu. Ragona yini yake yana gudu a tsaye.

Na ce, "To Malam, ni shekara da shekaru injin nan na firgita ni, ga tumbina."

Matata ta ce, "Kai tsoron naka ba ya hana ka ƙarin tuwo."

Na nemi ta matsar da injin. Ta ce shi ke cefane, ragon me ya taɓa kawowa?

Wuri mai shiru ɗaya ne a gidan, ɗakina na ƙurya. Washegari na fito da katifata zaure, na share ɗakin, na ja rago ciki.