Manjanik ɗin Injiniya Bashir

Ranar Talata da hantsi ina asibiti, an miƙo mini jikana na fari ke nan, bakina ya ƙi rufuwa, sai waya ta yi ƙara. Alhaji Sale ne, maƙwabcina a unguwar Jurf, nan Madina. Na zaci barka zai yi mini. Sai ya ce, "Usta Idi, Injiniya Bashir ya rasu. Bayan la'asar za a yi masa salla a Harami." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Injiniyan ruwa ne daga Zariya, aiki ya kawo shi Madina. Bayan magariba yakan tara mu dattawa a falonsa na unguwar Khalidiyya yana koya mana karatu da rubutu. Ni kafinta ne, shi ya sa ake ce mini Usta, na haura hamsin ban san harafi ko ɗaya ba. Da muka yi wata uku ina fama, na ce masa, "Malam, halas, shi ke nan, kaina ya bushe, na bari." Bai yi mini gardama ba.

Washegari sai ga shi a shagona da takarda. Ya ce manjanik yake so, ƙarami, don ya nuna wa ɗalibai. Ya bayyana mini cewa na'urar yaƙi ce ta mutanen da: dogon itace a kan ƙafafu, da majaujawa a bakinsa, mayaƙa su ja igiyoyi ta gindi, dutse ya tashi ya doki ganuwar gari. Ga zane, ga rubutu a ƙasansa. Na dubi zanen, na naɗe takardar. Shekara talatin ina aiki da ido, kuma duk abin da zai hau kan ƙafa a tsakiya nake huda shi don ya daidaita. Haka na yi.

Ranar Juma'a da yamma muka kai shi wani fili bayan unguwar Ranuna. Dattawa shida suka kama igiya. Malam ya ce, "Yalla, ku ja!" Dutsen ya ɗan yi tsalle, ya dawo ya fasa butar shayin Alhaji Sale.

"Usta," in ji Alhaji Sale, "da kai ne a yaƙi, da mutanen cikin gari sun aiko maka da godiya!"

Kowa ya yi dariya ban da Malam. Ya dafa ni, ya ce, "Hannunka bai yi kuskure ba. Takardar ce ta yi maka magana, ba ka saurara ba."

Kwana takwas na yi a kan layi ɗaya, ina bin haruffa da ƙusa, har ya fito: a huda kusa da gindi, ba a tsakiya ba. Na sake sassaƙa wani. Da muka ja, dutsen ya tsallake dabinai biyu. Ban ƙara fashin makaranta ba. Sai daga baya na gane cewa ba manjanik yake bukata ba.

A ranar da dutsen ya tsallake dabinan ne ya ce mana, "Kun ga, gajeren ɓangare ake ja da wahala, dogon ya yi jifa nesa. Ku ne gajeren. Ku ja, jikokinku su yi nisa."

Ranar Talatar nan bayan la'asar muka kai Malam maƙabartar Baƙi'a. Da jikan nawa ya cika kwana bakwai, ɗana ya ce, "Baba, kai za ka zaɓi suna." Ban faɗa da baki ba. Na ɗauki biro na rubuta Bashir da hannuna, na miƙa wa liman.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa kowane harafi da na karanta ya hau mizaninsa. Allah Ya ba Hajiya Rabi, mai ɗakinsa, da 'ya'yansa haƙuri. Ya raya mana ƙaramin Bashir, ya je inda ban kai ba. Amin.