Tsohon Gem Ɗin Nathan

Ni ban taɓa ganin Alexander da idona ba, amma na tsane shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sai dai ba labarinsa zan ba ku ba, Allah ya sawwaƙe. Labarin abokina Nathan ne, mai gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Sabon Tasha. Ni sunana Isiyaku, tela ne a Makera.

Gida ɗaya muka tashi da Nathan a Kakuri, irin gidan hayan nan mai ɗakuna a jere, lokacin da iyayenmu ke aiki a masaƙa. Babansa mutumin Zonkwa ne, nawa daga Funtuwa ya zo. Tun Nathan yana ɗan mitsitsi ba ya ganin abu mai waya a jiki ya bar shi lafiya. Rediyon babansa ya fara kwancewa, ya sha dukan da har yau in an tuna masa sai ya shafa bayansa. Da masaƙa ta rufe, karatu ya gagara, sai aka kai shi koyon gyaran firij, ni kuma aka ɗora ni a kan keken ɗinki. Daga baya aka yi rikicin nan da ya sa kowa ya nemi unguwar 'yan'uwansa. Su suka koma Sabon Tasha, mu muka tare a Makera. Abokai da yawa a nan suka rabu, ba faɗa ba gaba, ƙafa ce kawai ta ɗauke.

Mu abin da ya hana ƙafarmu ɗaukewa, gem ne. Ku yi dariya in kun ga dama. Nathan gajere ne kakkaura, ba ya sha, ba ya yawo, daga shago sai coci sai gida. Lokacin zafi ko ganinsa ba ka yi, yana saman rufin wani yana fama da esi. Abu ɗaya ne lagonsa: ƙwallo a allon talabijin. Da ya auri Rebecca ya samu ɗan falo nasa na kansa, abin da ya fara saya bayan kujeru shi ne akwatin gem, PS4 na hannu. Ranar da ya kawo shi ya kira ni yana haki kamar an biyo shi.

Daga nan Lahadi ta zama tamu. Shi ya dawo daga coci, ni na yi azahar, sai in hau Keke in nufi Sabon Tasha. Rebecca har buta da darduma ta saya ta ajiye mini a bayan ƙofa saboda la'asar. Nathan bai iya shan kaye ba. In na zura masa ƙwallo, laifin alƙalin wasa ne, ko na masu wuta, ko kuma Rebecca ce ta gitta ta gaban talabijin. Amma a kan kujerar nan muke faɗa wa juna abin da ba ma faɗa wa kowa. Ai namiji ba ya ce wa ɗan'uwansa zo mu zauna in gaya maka damuwata. Sai ido yana kan allo, yatsu suna aiki, sannan magana take fitowa. A haka ya gaya mini sun yi ɓari. A haka ni ma na gaya masa likita ya ce ciwon babana ba na tashi ba ne. Shekaru muka yi a haka, har furfura ta fara leƙo mana.

Sai ga Alexander. Wani ne mai aiki a wani kamfani can wajen Rido, gidansa a Barnawa. Esinsa ya lalace, Nathan ya je gyara, ya ga PS5 a falon mutumin, shi ke nan ya dawo ba hankali a jikinsa. Ya yi ta tara kuɗi har ya sayi nasa, wani fari ƙato mai tsayi, sai ka ce ƙaramin firij. Ya ja intanet gida, ya sayo abin sawa a kunne mai ɗan makirfo a gefen baki.

Lahadin farko na yi sallama, ba wanda ya amsa sai Rebecca daga kicin. Na shiga na tarar da Nathan shi kaɗai a falo yana ƙyaƙyata dariya da wanda ba na gani.

"Haba Oga Alex! Wannan ai zalunci ne!" in ji shi. Ya ɗaga mini hannu alamar in zauna, ko juyowa bai yi ba.

Na zauna kamar mai jiran layi a asibiti. Irin dariyar da yake yi da ni ce fa, sak, har da bugun cinya. Wallahi abin ya ci mini rai. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi. Da suka gama muka buga namu, amma rabin hankalinsa yana kan waya, kuma duk maganar da ya ɗauko sai Oga Alex ya shigo ciki. Oga Alex ya ce kaza, Oga Alex ya iya bugun kwana. Tsohon gem ɗinmu kuwa yana ƙarƙashin tebur, an naɗe masa wayoyinsa a jiki.

Rebecca ce ta tayar da maganar tsohon gem ɗin lokacin da ta kawo mana ruwa. "Malam Isiyaku, don Allah ka gaya wa abokinka ya sayar da wancan. Ƙura kawai yake tara mini."

"Oga Alex ma haka ya ce," in ji Nathan. "Sabon yana cin duk faifan tsohon, har wasanninmu na kwashe na zuba a ciki. To ajiyar ta mece ce? Tela, kai me ka gani?"

Nan take na yi lissafina. In tsohon ya zauna, wata rana zan ce a jona mana shi, tunda shi ba a taɓa sa masa intanet ba, babu ƙofar da wani Alexander zai shigo ta ciki. In ya tafi kuwa, na zama ɗan kallo a gidan da nake da darduma.

"Kul ka sayar!" na ce. "Injiniya, da tsohuwar zuma ake magani. Wannan farin, wuta ta yi rawa sau ɗaya ya tafi, da me za ka koma?"

"Na sa masa abin daidaita wuta. Ni za ka koya wa wuta?"

"To nauyi fa? Ƙaramin janareta ba zai ja shi ba."

"Ya ja jiya."

Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe ta. Da hujja ta ƙare mini sai na koma yabo. Na jawo gem ɗin daga ƙarƙashin tebur, na goge shi da gefen rigata. Na ce dubi ƙira, dubi ƙarko, yanzu ba a yin irinsa. Na ce ni a idona ma hotonsa ya fi taushi. Ƙarya nake yi, makaho ma ya san sabon ya fi. Lahadin da ta biyo baya na sake, wadda ta bi mata ma haka. Nathan yana kallona yana murmushi, ni kuma ina jin daɗi wai magana tana shiga.

Wata Laraba da hantsi ina tsakiyar yanka shadda, sai ga babur ɗinsa a ƙofar shagona, da kwali ɗaure a baya. Ya sauke, ya dire mini shi a kan teburin yanka. Gem ɗin ne, an goge shi fes, da faifansa da komai.

"Tela, tun muna yara na san halinka," in ji shi. "Ko yunwa za ta kashe ka ba za ka buɗe baki ka roƙa ba. Amma ban taɓa jin ka yabi abu kamar wannan ba. Na ce wa Rebecca, mutumin nan so yake yi, kunya ce ta hana shi. Ga shi, halak malak."

Inna lillahi! Garin neman gira na rasa ido. Maƙwabta suka taru, mai shayi da mai faci, kowa yana cewa kai, wannan shi ne aboki, Allah ya ba mu irinsa. Ta yaya zan mayar da kyauta a gaban jama'a? In ce masa me? In ce ba gem nake so ba, kujerar gefenka nake so? Namiji da gemunsa?

Bai tsaya nan ba. Ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da farin ciki. "Kuma ka ga ka huta da wahalar hanya. Kullum Lahadi kana cikin Keke, ga cunkoso, ga rana. Yanzu data kawai za ka sa, kana ɗakinka ina ɗakina mu buga. Har da Oga Alex zan haɗa ku."

Abin da ya fi ƙona mini rai, da zuciya ɗaya ya faɗa. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da shi. Na ce, "Na gode, Injiniya. Allah ya bar zumunci." Ya hau babur ɗinsa ya tafi wani gyara.

Matata Larai ta yi murna, ta share wuri a gefen talabijin ta shimfiɗa masa ƙyalle. Ranar Lahadi na yi azahar, na sa hula, na tsaya a tsakar gida. Larai ta ce, "Ina kuma za ka? Ba ga abinku nan an kawo maka har ɗaki ba?" Na cire hular. Na zauna, na tashi, na sake zama. Can na ce bari dai in kira shi, in ya ce ina kake, ko da wasa ne, yanzu zan fita.

Rebecca ce ta ɗauka. Ina jin ihu da dariya a bayanta, murya biyu.

"Malam Isiyaku, ina wuni? Ya bar wayar a caji. Yana falo da baƙo, Oga Alexander ne ya zo yau da kansa. Ya ce buga gem daga nesa ba daɗi, gara a zauna tare."

Ashe shi Alexander hanya ba ta yi masa nisa ba. Rebecca ta ce, "Hello? In kai masa ne?"

"A'a Madam, bar shi da baƙonsa," na ce. "Dama kira na yi in ce masa gem ɗin yana aiki lafiya."