Jiƙon Barewa

Ƙanena bai san tafiya ba, gudu kawai ya sani. In Inna ta aike shi sayen gishiri a kasuwar Illela, kafin ta gama tuƙa tuwo ya dawo yana haki, rabin gishirin a takarda, rabi a hanya. Ni na goye shi, kuma tun a bayana ƙafafun nan ba sa zama wuri guda.

Da ya shiga sakandare sai malamin wasanni ya sa shi tseren mita ɗari. Ba takalmi yake gudu, kuma babu abokin tseren da ya taɓa ganin fuskarsa, sai ƙeyarsa. Mutane suna yabon ƙafa, amma mu a gida mun san akwai abin da ake sha. Ranar kowane tsere Inna takan jiƙa tsamiya da citta da ɗan kanwa, ta tsoma wata busasshiyar jijiyar ƙafar barewa da wani maharbin Tozai ya ba ta. Jijiyar guda ce shekara da shekaru. A tsoma, a cire, a shanya. Ni dai a ganina babu abin da ya rage mata na barewa sai suna, amma wa zai faɗa wa Inna? Shi kuwa yakan toshe hanci ya shanye, ya fita yana ji da kansa.

A ƙarshen daminar tamanin da takwas aka zaɓe shi ya je Sakkwato gasar makarantun jiha. Ana cikin wannan murna Baba ya kunna rediyo, muka ji cewa mutumin da ya fi kowa gudu a duniya an ƙwace masa lambar zinariyarsa. Wai an auna fitsarinsa an ga ya sha abin ƙara ƙarfi. Baba ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin goronsa. Inna kuwa ta kasa cin abinci. Ta yi ta tambayata ko shi ma wancan yana da uwa, kuma da wane ido za ta shiga gidan biki.

Da safen tafiya ƙanena ya miƙa hannu a ba shi jiƙo, Inna ta ce babu. Ta ce in likitocin Sakkwato suka ga barewa a fitsarinsa, har mutanen ƙauyen Garu sai sun ji sunan gidanmu a rediyo. Na yi dariya, da na ga fuskarsa sai na daina. Yaron nan bai taɓa tsayawa a bakin layi ba tare da abin nan a cikinsa ba, kuma shi kansa bai san ko gudun nasa ne ko na barewa ba. Ya roƙa, ya yi fushi, ya roƙe ni in sa baki. Na sa, Inna ta ce in kama bakina. Ya shiga mota da ruwan randa kaɗai a cikinsa, ya ƙi waiwayenmu. Tausayinsa ya hana ni sakat har ya dawo.

Ya dawo da yamma washegari, riƙe da wani farin kwanon sha mai murfi. Na biyu ya zo, kwanon ne kyautarsa. Wani dogon yaro ya riga shi da ƙirji kawai. Ƙanena ya dangwarar da kwanon a tsakar gida, ya ce da ya sha jiƙon da shi ne na ɗaya. Ya ƙara da cewa babu wanda ya auna komai, ko makewayin kirki babu a filin.

Inna ba ta kula gorin ba. Ta ɗauki kwanon, ta buɗe murfin, ta rufe.

“Wanga fa, suna zuwa su amshe shi?”

“Wa ka amshewa, Inna? Mi ni yi?”

Ta goge kwanon da bakin zanenta, ta ajiye masa a kan cinya.

“To riƙe abinka. Ƙafarka ta ciyo shi.”