Ƙwan Zabbin Ɗantsoho

Bari in faɗa tun da farko: ba na son Ɗantsoho, kuma shi ma ya sani. Mijin ƙanwata Asama'u ne, yau shekara goma sha huɗu, kuma a duk shekarun nan ban taɓa shan ruwan gidansa da daɗin rai ba. Wanda ke neman mai ba shi tarihin mutumin nan da zuma a baki, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, rumfar 'yan kaji, can masu yabonsa suke. Ni Hannatu ce mai ƙuli a Gumel, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

A wani ƙauye aka haife shi tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, lokacin ubansa Malam Nata'ala ya riga ya yi furfura, shi ya sa sunan ya bi shi. Kiwon zabbi ya tarar a gidan, kuma shi ya gada. Akwai labarin da yake son bayarwa na ƙuruciyarsa. Wai yana ɗan shekara bakwai ya tsinci gurbin zabuwa a gindin sabara, ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya binne a toka mai zafi, ya cinye. Ubansa ya ga ɓawon, ya ɗaure shi a turken jaki, ya zane shi da tsumagiya har sai da maƙwabta suka shigo. Tabon yana nan a bayan kunnensa na hagu. Wani zai ba da wannan labari da hawaye, shi kuwa da alfahari yake bayarwa, yana shafa tabon.

"Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama," haka yake rufewa kullum. "Da Baba bai yi min haka ba, da yanzu ina gidan yari."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, a sanin zabo babu na biyunsa a yankin. Zabuwa ba ta ƙwai a gida, sai damina ta faɗi ta shiga daji ta ɓoye gurbinta. Shi kuwa daga kukanta yake gane inda ta nufa. In ya sami gurbin ba ya sa hannu, da dogon ludayi yake kwasa, don a cewarsa in ta ji warin mutum ta bar wurin ke nan. Kuma ba ya kwashewa duka, sai ya bar mata uku don ta ci gaba da zubawa. Wasu ƙwayayen ya sa wa kaza ta kwanta a kai, sauran ya jera a kwando da ƙaiƙayi sai kasuwa. Har daga Damagaram ake zuwa neman ƙwansa, don ba a taɓa samun bara-gurbi a ciki ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake kula da 'yan tsakinsa. Da sassafe zai ɗauki fartanya da tsohuwar tukunya, ya yi tafiya mai nisa ya haƙo musu gara a suri. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "Haba Yaya Hannatu, ai gero kaɗai ba ya raya ɗan tsako. In bai sami gara ba, fuka-fukansa za su zube, ya lalace." Ku riƙe wannan magana, da bakinsa ya faɗe ta.

A cikin gidan kuwa, tuwon gero ne da miyar kuka daga wannan damina zuwa waccan. Wake da riɗi da gyaɗa duk yana nomawa, amma tun a masussuka ake ɗinke buhunan, su hau mota. Ba talauci ba ne, Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado. Ranar kasuwa zai zauna a teburin mai shayi a soya masa ƙwai da albasa, ya bi da balangu, ya goge baki. In zai dawo ya sayo taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano, ya miƙa wa Asama'u kamar ya kawo mata kujerar Makka. Yaransu maza biyu haka suka taso, ƙafafu kamar sillan kara, amma dai Allah ya raya su.

Sai aka haifi Mu'minat. Asama'u ta yaye ta a farkon daminar shekara uku da suka wuce, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, lokacin da kuma zabbi suka fi zuba ƙwai. Daga nono aka mayar da yarinya kan kunun gero tsurarsa, safe da rana da yamma. Bayan wata biyu na kai musu ziyara da ɗan ƙulina a leda. Asama'u ta tare ni da murna.

"Yaya, zo ki ga 'yarki, yaye ya karɓe ta. Dubi kumatu!"

Na duba. Yarinya na zaune a tabarma, ko ƙuda ba ta korewa. Kumatu sun cika, ƙafafu sun yi suntum, gashin kanta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Na miƙa mata ƙuli, ta kawar da kai. Na taɓa ganin irin wannan ƙibar a jikin ɗan maƙwabciyata, kuma na san inda ta kai shi.

Ɗantsoho na gindin darbejiya yana gyara kwandonsa. Na ce masa wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, a kai ta asibiti. Ya ce ba ya son mugun baki a kan 'yarsa. Ban tsaya jan magana ba, na goya ta, na ce wa Asama'u ta ɗauko mayafinta, muka tari babur.

Ma'aikaciyar da muka samu, wata mai suna Naja'atu, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinyar. Da ta ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna ƙullun ƙuli. Ta ce tamowa ce, kuma irin mai kumburi, wadda ta fi saurin kisa. Aka kwantar da mu kwana tara. Ranar sallama ta ba mu abincin tamowa na 'yan makonni, ta ce wannan magani ne, zai ƙare, abin da zai riƙe yarinya yana gida. Ta ce a dama kunu da gyaɗa, a sa wake, a sa zogale a miya. Sai ta tambaya ko muna iya samun ƙwai ko da sau uku a mako.

Na yi dariyar takaici. Na ce, "Malama, ubanta zabbi ɗari da wani abu gare shi."

Da muka dawo, Asama'u ta durƙusa ta faɗa masa duk abin da aka ce. Gyaɗa ya yarda, wake ma ya ce zai auno. Da aka zo kan ƙwai sai ya ɗaure fuska.

"Ban da wannan. Ba a gidana ba."

Na ce, "Ɗantsoho, likita ce fa ta faɗa."

Ya ce, "Yaya Hannatu, ina ganin girmanki. Yarinyar da aka haifa jiya ba za ta koya min tarbiyya ba don ta sa farar riga. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gara ta tashi da rama da ta tashi da ɗan hali."

Na tuna masa maganar garar 'yan tsakinsa. Ya ce tsako daban, mutum daban, tsako ba a yi masa hisabi. Waken da ya yi alkawari mudu ɗaya ya auno, bai sake ba. Abincin asibiti ya ƙare, aka koma gidan jiya. Kafin wata ya zagayo, ƙafafun Mu'minat suka fara kumbura kuma.

Ƙanwata mace ce da ko allura ba ta taɓa ɗauka ba sai da izini. Tun muna yara in ta tsinci abu a hanya sai ta bi gida-gida tana cigiya. Wannan matar ce ta fara fakon mijinta. Akwai wata zabuwa da ta yi gurbi a cikin kalgo bayan dangarsu. Kullum da hantsi, in ya tafi gona, sai Asama'u ta ɗauki tulu kamar za ta rijiya, ta ratse, ta ɗauko ƙwai ɗaya ta ƙulle a bakin zane. Ta dafa shi a cikin tukunyar kunu, ta ɓare ta marmasa wa yarinya, ta tura ɓawon cikin murhu. Ta gaya min daga baya cewa kowane ƙwai sai ta yi istigfari a kansa. Kwana goma sha biyu tana haka, kumburin ya saɓe, yarinya ta fara bin bango tana miƙewa.

Amma Asama'u ba ta san sirrin ludayi ba, da hannu take ɗauka. Ba ta kuma san ana barin uku ba. Ranar da ta tarar saura biyu ta ɗauke ɗaya, washegari ta ɗauke ɗayan. Zabuwa ta zo ta ga wayam, ta yi ƙaura. Ɗantsoho da ya san kowace zabuwa kamar yunwar cikinsa ya je ya tarar da gurbi ya yi sanyi. Ya duba ƙasa, bai ga sawun kare ko jan cikin maciji ba, sai sawun silifa ƙarami. Ya bi shi har bakin madafarsa, ya tona toka da sanda.

Ya aiko a kira ni, don ni ce a madadin uwa tun da iyayenmu suka rasu. Na iske shi zaune a kujera, ya tara ɓawon ƙwai a faifai ya ajiye a gabansa kamar alƙali. Asama'u na rakuɓe a jikin rumbu tana kuka.

"To, Yaya Hannatu, ga shi," in ji shi. "Ban faɗa ba? Ƙwai ya shigo gidana, sata ta shigo. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa kama baiwar Allahn nan da ƙwayar gero ba."

Wallahi na ji kamar in kifa masa faifan a ka. Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau sai na faɗa maka. Ba ƙwai ne ya mai da ƙanwata ɓarauniya ba, kai ne. Ka fi tausayin ɗan tsako a kan 'yar cikinka. Kai ka ci a soye a kasuwa, ita ta mutu da tarbiyya, ko ba haka kake so ba?"

Ana cikin haka sai Mu'minat ta saki bango, ta tako da ƙafarta, taku huɗu ko biyar, ta dafa gwiwarsa. Rabonta da tafiya tun kafin yaye. Ta sa hannu a faifan ta ɗauki ɓawo tana nema ta kai baki. Na ga ya kalli ƙafafunta, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yau dai dutse zai tsage. Sai ya ƙwace ɓawon daga hannunta, ya ce, "Kun gani ko? Har ta fara."

Ya ce Asama'u ta je gida ta huta. Ta yi kwana goma a wurina, sannan ta koma saboda yaranta maza. Mu'minat kuwa na ce ba inda za ta, in yana da ƙarfin hali ya zo Gumel ya ɗauke ta a gaban mutane. Bai zo ba. Tana wurina har yau, tana cin ɗanwake da kwaɗon zogale da kunun gyaɗa, tana da baki kamar reza. Sai dai duk sa'o'inta sun fi ta tsawo, kuma an gaya min da wuya ta kamo su. Duk ranar da na gan ta a layin 'yan makarantar allo ita ce ƙarama, sai in ji tsanar mutumin nan ta dawo min sabuwa.

Alhamis ta farko bayan rigimar na je Maigatari sayen gyaɗa, na goya Mu'minat. Ina iya sayen ƙwai a ko'ina, amma da gangan na ratsa rumfar 'yan kaji na tsaya a gabansa, don in kunyata shi. Na ce a ba ni goma. Ya san bakin da za su shiga, tana leƙensa ta kafaɗata. Ya sunkuya ya dinga zaɓa, yana ɗaga kowanne a rana, yana mayar da ƙananan, ya jera min manya. Ya karɓi kuɗinsa cif. Har na juya sai ya ce, "Yaya Hannatu." Ya ɗauko ɗaya ya ɗora a kai, idonsa na kan kwando.

"Gyara," in ji shi.

Maƙwabcin rumfarsa ya riƙe baki, ya ce shekara ashirin suna zama tare bai taɓa ganin Ɗantsoho ya yi wa kowa gyara ba. Tun daga ranar, duk damina, duk Alhamis, haka muke yi. Ina saye, yana zaɓa, yana ɗora ɗaya. Bai taɓa tambayata wa zan ba ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba.

Ita dai Mu'minat ta san na goma sha ɗayan daban yake. In na dafa sai ta ce in ware mata na Babanta, shi take fara ci.