Maƙoƙon da Na Saƙa wa Riga

Jama'a, sallama. Kun saba jin bakina a nan kan farashi da siyasa. Yau maganar wuyana ce, wadda na haɗiye shekara da shekaru.

A farkon shekarun casa'in ina da rumfar zaren ulu da allurar saƙa a kasuwar Azare. Jarina bakina ne. Mace ta zo tambayar hanya, ta koma da zare uku.

Sai wani ƙullutu ya fito mini a maƙogwaro, kamar ɗan goriba. Ba zafi. In na haɗiyi yawu ya hau ya sauka.

Matata Hajara ta ce maƙoƙo ne. Na ce ta rufe baki, wannan ai ciwon tsofaffin mata ne.

Mace tana da mayafi. Ni fa? In na naɗa rawani a ce Sabo mai zare ya zama liman. In na ba wata ta saƙa mini abin wuya, sai ta gwada wuyan.

Cikin masu sayayyata akwai Maman Ladi, matar wani malamin makaranta daga Bogoro, gwanar saƙa. Na ce ta nuna mini hannu, wai Hajara zan koya wa. Ta nuna.

A ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, ƙato da ni da allura biyu. Abin wuyan zagayayye na yi shi, a zura kai kawai. Launin kuma gida na tuna, Katagum: shuɗin kogi inda babana ke jefa koma, ruwan ƙasan rairayi, koren fadama, da ɗigon fari na balbelu. Wallahi ya yi kyau. Lokacin saƙar ne kaɗai nake manta tsoro.

Da sanyi ba wanda ya tanka. Bazara ta shigo ban cire ba. Zufa na zuba, ina cewa yayin Jos ne. Har samari biyu suka sayi irinsa a wajena.

Ƙullutun yana girma, ni ina komawa wajen Maman Ladi: yaya ake ƙara wa na Hajara faɗi? Rannan ta ajiye zaren, ta dube ni.

"Malam Sabo, wuyan matarka kullum ƙaruwa yake, muryarka kuma kullum raguwa take. Ni ba yarinya ba ce."

Na so ƙasa ta tsage. Ni mai juya kasuwa da baki, dole na amsa cewa wuyana ne.

Gaskiya ta faɗa. Murya ta fara dishewa, tuwo sai da ruwa yake wucewa, in na kwanta rigingine kamar an taka mini wuya.

Mijin Maman Ladi ya raka ni asibiti. Likita ya ce cire abin wuyan. Na cire a gaban nas biyu, ba wadda ta ko ɗaga gira. Daga nan aka tura ni Kano. Layi, ɗibar jini, hoto, dawo mako mai zuwa. Babur ɗina ya tafi, rabin kayan rumfa ya bi shi.

Likitan tiyata ya ce, "Da ka zo da wuri, da aikin bai kai haka ba. Numfashi za mu ceto. Murya ba na yi maka alkawari."

Hajara ta ce in dai da rai, ita za ta riƙa yin cinikin. Na yi kuka a bayan gida, kada a ji.

An yi aiki lafiya. Na farka da bandeji, ina numfashi kamar an buɗe taga. Murya ta dawo a hankali, amma rabi. Har yau in na kira mai saye daga nesa, sai maƙwabcina ya maimaita.

Alhamdulillahi. Na gode wa Hajara, da likitocin, da Maman Ladi, Allah Ya saka mata.

Shawarata: kumburi a wuya, ko ba zafi, a je asibiti. A sayi gishiri mai sinadarin aidin. Magani in an rubuta, a sha yadda aka ce. Maza, da ku nake, ciwon nan ba ruwansa da gemu.

Ni na ɓoye nawa don kada a yi magana a kasuwa. Kasuwa ta yi maganarta kwana biyu ta manta. Tawa ce ba ta dawo duka ba.