Ranar Da Na Kira Sunanta

Akwai wata safiya a Gusau da ba na jin za ta bar raina har in koma ga Mahaliccina. Abin ya faru ne a wani ɗaki na wasan yara ƙanana, wurin da ban taɓa zaton namiji irina zai sa ƙafa ba.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina aikin masinja a wani ofis, ina haya a ɗaki ciki da falo. Matata ta rasu a ƙarshen daminar shekarar, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Ta bar mini 'ya ɗaya, 'yar farinmu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ko yaye ta ba a yi ba. Mutuwa ce ta yaye ta.

Tun daga ranar yarinyar ta daina zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗakin wannan, ta fito ta shiga na wancan, ta leƙa madafa, ta leƙa bayan randa. Duk macen da ta gani sai ta kama zanenta ta ɗaga kai ta dubi fuskar, sannan ta saki ta wuce. Ba ta yawan kuka, yawon nan kawai take yi. Ni ma haka na koma. In ina ofis hankalina na gida, in na dawo gida na kasa zama, sai in fita bakin titi in tsaya ba tare da abin da nake jira ba.

Surukata, wadda nake kira Inna, ta zo daga Kekun Waje, can ƙasar Bungudu, tun ranar rasuwa, ta zauna har aka yi sadakar arba'in. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Yarinya ƙarama da ta rasa uwa, wurin kaka take tafiya, kuma tawa mahaifiyar ta daɗe da rasuwa. Babu wanda ya ga laifin haka, har ni. Amma duk lokacin da na tuna zan buɗe ƙofar ɗakin nan in tarar ba kowa, sai in ji ba zan iya ba.

Wata mai buga tafireta a ofishinmu ce ta ba ni labarin wurin. Ta ce wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ta buɗe gidan renon yara, mata ma'aikata suna kai nasu da safe su ɗauko bayan azahar. Ban iya tunkarar Inna da maganar ba, domin tsakanina da ita gaisuwa ce daga durƙushe, kaina a ƙasa. Matar mai gidanmu na aika. Ta dawo tana danne dariya.

"Ta ce za ta je ta gani da idonta inda ake tara ɗiyan mutane kamar awaki. Amma ka sani, ta riga ta ɗaure kayan yarinya. Daga can tashar Bungudu ta nufa."

Haka muka fita. Lokacin wahalar mai ne, mun daɗe a bakin hanya kafin mu sami tasi. Ina gaba, Inna na baya da yarinya a goye da ƙunshin kaya a cinya.

Abin da na fara gani shi ne takalma ƙanana jere a bakin ƙofa. Ciki falo ne babba, an shimfiɗa leda da tabarmi, an jera ƙananan katifu a gefe. A bango an zana haruffan boko da na Larabci, da raƙumi, da kifi, da wata dabba da har yau ban san ko akuya ce ko kare ba. Ga ƙwallayen roba, ga 'yan tsana na tsumma, ga dokin katako mai lilo, ga gwangwanayen madara da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe bakinsu. An ɗauke wuta, fankar sama a tsaye, ɗakin yana ƙamshin hoda da koko. Yara wasu na rarrafe, wasu na tafiya suna tangaɗi, 'yan mata masu reno suna zaune a ƙasa a tsakaninsu.

Mai wurin, wadda kowa ke ce wa Hajiya, doguwa ce mai tabarau. Ta gaishe da Inna, ta yi mana ta'aziyya, ta ba ta benci kusa da ƙofa. Inna ta zauna a gefen bencin kamar mai shirin tashi, ta kwance goyo, amma ba ta ajiye ƙunshin ba.

Ana sauke yarinyar ta fara abin da ta saba. Ta je wurin mai reno ta farko, ta kama zanenta, ta dubi fuska, ta saki. Ta je ga ta biyu. Aka miƙa mata 'yar tsana, ta karɓa ta yar. Aka ɗora ta a kan doki, ta zame ta sauka. Ta zagaya ɗakin ta sake zagayawa, ta ɗaga labule, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ni ina tsaye jikin bango, ina cire hula ina mayarwa. Na san Inna tana kallo, kuma na san abin da take gani.

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, a nan ba a tsayuwa. Ranar farko, wanda ya kawo yaro shi ke zama a ƙasa ya yi wasa da shi. Sai ya ga nasa ya zauna, sannan ya yarda da wuri."

"Hajiya, ai ga kakarta," na ce.

"Kakarta ce za ta riƙa kawo ta kullum?"

Na girgiza kai.

"To zauna ka kira ta."

Na tsuguna rabi, na ce, "Ke, zo nan."

Yara mata biyu suka waiwayo. Tawa ko gezau.

"Ka gani," in ji Hajiya. "Rabin ɗakin nan duk 'ke' ne. Ba a raɗa mata suna ba?"

'Yan matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Wanda ya tashi a irin gidajenmu zai gane halin da na shiga. 'Yar fari ce. Tun ranar da liman ya faɗi sunanta ban taɓa furta shi ba. Ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, balle a gaban uwar matata. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka aka koya mana ita ce kunya. In na baje a tabarma ina wasa da gwangwani a gaban Inna, za ta ce ba ni da ta ido, ta ɗauki jikarta. In ban yi ba, yarinya ba za ta natsu ba, ta ɗauki jikarta. Na dubi ƙofa. Gaskiya na so in fita.

A lokacin yarinyar ta isa bakin ƙofa. Wata mata ta kawo ɗanta tana juyawa za ta tafi, sanye da atamfa shuɗiya irin wadda matata take ɗaurawa. Yarinyar ta bi ta da gudu, ta rungume ƙafarta. Matar ta sunkuya, suka haɗa ido. Sai yarinyar ta saki, ta zauna daɓas a ƙasa, ta fara wani kuka marar ƙarfi da ban taɓa jin ta yi ba.

Na ɗauka Inna za ta miƙe ta goye ta, shi ke nan. Ba ta miƙe ba. Ta juya fuskarta wajen bango, inda aka zana raƙumin nan, ta yi magana kamar da shi take.

"Uwar ɗiyar ga, ita ce ta farina. Na goye ta, na aurar da ita, na yi mata wanka da hannuna ranar da ta tafi. Ban taɓa kiran sunanta ba. Da aka fita da ita na kira, cikin ɗaki, ni kaɗai." Ta gyara ƙunshin da ke cinyarta. "Mi ya amfana? A ce mashi ya kira tashi. Ni ban ji ba, ban gani ba."



Na cire hula na ajiye. Na zauna sosai a tabarma, na miƙe ƙafafu. Na kira sunan, ya fito kamar ba muryata ba. Na sake kira.

Yarinyar ta daina kuka. Ta waiwayo tana neman inda muryar ta fito, ta dubi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, domin a bakin mace ta saba jin sunan. Da na kira na uku ta gane ni ne. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi, ta tsinci gwangwani a hanya, ta zo ta buga mini shi a hanci.

"Ta karɓi gaisuwa," in ji Hajiya. "Sai ka jera mata."

Na jera gwangwanaye, ta ture. Na sake jerawa, ta sake turewa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ta tashi sau da yawa ta nufi ƙofa, duk lokacin da na kira sunan sai ta dawo. Daga ƙarshe ta hau cinyata, ta kama aljihun rigata, ta yi barci. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba.

Inna ta miƙe. Ta kwance ƙunshin, ta zaro zanen goyon marigayiya ta miƙa wa Hajiya.

"In za ta yi barci, a shimfiɗa mata wanga. Ba ta son koko da zafi." Ta juya wajen ƙofa. "A faɗa mashi duk ƙarshen wata ya kawo mani ƙawata in duba ta. Ranar da na ga ta rame, ba sai na yi shawara da kowa ba."

"An ji, Inna," na ce, kaina a ƙasa.

Ta hana ni raka ta tasha, wai kada in tashi mai barci. Ta fita ita kaɗai, hannunta babu komai. Sai daga baya na fahimci abin da ta bari a ɗakin nan. Ita ma yarinyar ce kaɗai abin da ya rage mata na 'yarta, kuma ita ma ɗaki marar kowa ta koma.

Ban taɓa saɓa alkawarin ƙarshen wata ba har Allah ya karɓi ran Inna. Yarinyar ta girma, yanzu tana da nata 'ya'yan. Har gobe ina ganin girman kunya, ba na raina abin da iyayenmu suka koya mana. Amma a ɗakin nan na koyi cewa wanda kake ƙauna yana bukatar ya ji ƙaunar daga bakinka, kuma lokacin faɗa masa shi ne sa'ad da yake iya waiwayowa ya amsa.