'Yan Tsanan Kawu Marasa Baki

Na so in yi shiru da wannan, don haushin kaina nake ji. A Amurka na ga 'yan tsanan katako cikin gilashi, kowacce da tarihinta a rubuce, sai na tuna Kawu. Irinsu yake sassaƙawa a zaurensa na Unguwar Dosa, ƙamshin icen maɗaci ko'ina. Ba ya yi musu baki, wai yarinya za ta yi musu magana.

Na je masa da kyamara in ɗauki hotonsu, ya ce, "Sarkin yawo, bari in gama wannan." Na ce sai na dawo daga Legas. Na dawo an binne shi. Na bi gida-gida, ko ɗaya ban samu ba. Allah ya haskaka kabarinsa.

Matata ta ce, "Malam, na Turawan fa, hoto nawa ka ɗauko?"